RABIN DARASIN KONFUSHIYAS DA IYAYEN GIDA BA SU SON JI

Daga Mabai, Ƙanƙara

Akwai wata magana da ta fara yawo a 'yan shekarun nan a bakin masu shirya bitar koyon kasuwanci, daga nan ta gangaro cikin wayoyin samari, har ta iso majalisun 'yan kasuwa a Funtuwa da Ƙanƙara. Wai sirrin arzikin ƙasar Sin da Japan da Koriya koyarwar wani tsohon malaminsu ce mai suna Konfushiyas. Wai shi ya koya musu ladabi da biyayya, shi ya sa ma'aikacinsu ba ya ɗaga ido ya dubi maigidansa, ba ya tambayar ƙarin albashi, sai dai ya sunkuyar da kai ya yi ta gumi. Ka ga kuwa irin wannan zance ba wanda zai yi wa daɗi kamar ubangidan da ke da yara biyar a shago, alhali bai taɓa zama da ko ɗayansu ya yanka masa lada ba.

To, tunda da yawa daga cikinmu yaran shago ne, ko 'yan awo, ko masu zaman POS na wani, ya kamata mu san cewa rabin darasin aka karanta mana. Ɗaya rabin, wanda ya hau wuyan ubangida, an naɗe shi an tura ƙarƙashin tabarma.

Bari mu fara da mutumin kansa. An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a wata ƙaramar daula mai suna Lu, cikin lardin Shandong na yanzu, ya rasu a 479, wato fiye da shekara 1,100 kafin Hijira. Ya tashi maraya cikin talauci. Daga cikin ayyukansa na farko akwai tsaron rumbun hatsi da kula da dabbobin wani babban gida, kuma abin da aka ruwaito game da wannan zamani nasa shi ne ya damu lissafin rumbu ya fita daidai, shanu da tumaki kuma su yi ƙiba. Daga baya ya riƙe muƙami a fada, ya ajiye, ya yi shekaru goma sha yana yawo daga wannan daula zuwa waccan yana neman sarkin da zai yi aiki da shawararsa, bai dace ba. Almajiransa ne suka tattara maganganunsa bayan rasuwarsa a littafin da Sinawa ke kira Lunyu. Ba kiran kowa nake yi zuwa ga addininsa ko bautar kakanni irin ta mutanensa ba, Allah Ya tsare. Ba kuma zan kafa hujja da maganar nan ta neman ilmi har birnin Sin ba, don malaman hadisi sun daɗe da raunana ta. Amma idan aka zo mana da sunan mutum ana so a ɗaure mu da shi, haƙƙinmu ne mu bincika me ya faɗa.

Abu na farko da ya kamata ya sa mutum taka-tsantsan shi ne yadda ake juya wannan malami kamar waina. A tsohon tsarin da mabiyansa suka shimfiɗa, jama'a kashi huɗu ce: malamai a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, ɗan kasuwa shi ne na ƙarshe. A 1915 wani Bajamushe masanin zamantakewa, Max Weber, ya rubuta cewa koyarwar Konfushiyas tana cikin abubuwan da suka hana jari-hujjar zamani tsirowa a Sin. A 1966, zamanin Mao, samarin gurguzu suka je garinsa Qufu suka farfasa allunan tarihi suka tone kaburburan zuriyarsa, wai shi ne tushen ci-bayansu. Sai ga shi a shekarun 1980, da Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong da Singafo suka yi kuɗi, 'yan boko suka juya suka ce ai albarkacin Konfushiyas ne! Singafo har ta sa ɗabi'unsa cikin darussan sakandare a 1984, ta cire a 1990. Gwamnatin Sin da ta tsine masa jiya, ita ce ta fara buɗe cibiyoyi da sunansa a duniya tun 2004, har da biyu a nan Nijeriya, ɗaya a jami'ar Awka ɗaya a ta Legas. Mutum guda, jiya shi ne dalilin talauci, yau shi ne dalilin arziki. Wanne za mu kama?

Gaskiyar magana, arzikin Sin na yau ya faro ne daga sauye-sauyen da Deng Xiaoping ya soma a 1978, da wutar lantarki, da hanyoyi, da tashoshin jiragen ruwa, da miliyoyin 'yan ƙauye da suka yarda su yi aiki a kan lada kaɗan. Kuma ƙasar ba ta rasa maha'inta ba. A 2008 aka gano ana zuba wani sinadari a madarar jarirai don a ruɗi masu gwaji, jarirai 6 suka mutu, kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, kamfanin Sanlu ya rushe. Su ma 'yan Kantin Kwari a Kano, inda jami'an shige da fice suka kama Sinawa 45 a 2012 kan shiga cinikin yadi, ba za su ce maka duk Basine waliyyi ne ba.

To, me ya rage ke nan? Abin da ya rage shi ne ainihin koyarwar, kuma ita ce nake ganin tana da amfani a gare mu.

Konfushiyas ya gina tunaninsa ne a kan cewa duk wata alaƙa fuska biyu gare ta. Talaka ya yi biyayya, sarki ya yi adalci. Ɗa ya yi ladabi, uba ya yi tausayi. Ya kuma nace cewa suna ya dace da aiki: wanda ake kira uba amma ba ya yin abin da uba ke yi, sunan ya tashi daga kansa. Ɗora wannan a kan kalmarmu ta ubangida, ka gani. Bahaushe bai ce mai shago kawai ba, uba ya ce. Wanda ya karɓi wannan suna ya karɓi ciyarwa, da jinya, da aurarwa, da yaye yaro ranar da ya isa. Wanda ya riƙe sunan ya yar da nauyin, a ma'aunin Konfushiyas kansa ba shi da bakin neman biyayya. An ruwaito cewa wata rana bargar dawakinsa ta kama wuta, da ya dawo daga fada sai ya tambayi lafiyar mutane, bai tambayi dawaki ba. Yanzu ka tuna abin da ke fara fitowa daga bakin mafi yawan iyayen gida idan aka ce motar kaya ta faɗi a hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Buhu nawa suka fashe? Direba da yaron mota sai daga baya.

Akwai kuma almajirinsa Zigong, wanda shi ɗan kasuwa ne mai dukiya. Ya tambayi malamin game da mulki, aka lissafa masa abinci da makamai da amincewar jama'a. Da ya matsa a kan wanne za a fara sadaukarwa in ta kama dole, aka ce makamai, sannan abinci, amincewa kuwa ita ce ba a saki ko ana mutuwa. Wannan ita Sinawa ke kira xin, mu kuma muna kiranta amana da cika alkawari.

Inda na fi so mu tsaya shi ne yadda wasu 'yan kasuwar Sin suka mai da wannan magana tsarin aiki, don wa'azi kowa ya iya. Wajen shekarar 1823 aka kafa wani gidan aika kuɗi mai suna Rishengchang a garin Pingyao, lardin Shanxi. Ɗan kasuwa ya ajiye azurfarsa a wannan gari, a ba shi takarda, ya je wani gari mai nisan tafiyar wata guda ya karɓa, ba sai ya ratsa dajin 'yan fashi da dukiya ba. Mu da muka san hanyar Sheme da ta 'Yankara ba ma bukatar a yi mana bayanin amfanin wannan. Amma ta yaya mai dukiya zai amince wa ma'aikacin da ke can nesa, ba waya, ba mota, da tarin azurfa a hannunsa? Ga abin da gidajen kuɗin Shanxi suka yi. Yaro ba ya shiga sai da wanda ya tsaya masa, ya yi shekaru yana koyo. In ya nuna ƙwazo da gaskiya sai a rubuta masa kaso a cikin riba, duk da bai zuba ko sisi ba, guminsa ne jarinsa. Kason yana ƙaruwa da daɗewarsa, ana rufe lissafi a raba bayan 'yan shekaru, galibi huɗu. In ya mutu, iyalinsa su ci gaba da karɓa na wani lokaci. Mai jari kuma, da zarar ya naɗa manaja, ba ya sa masa baki a harkar yau da kullum, kuma an san su da ƙa'idar hana cusa 'ya'yan mai gida da surukansa cikin ma'aikata. Ka ga yaron da ya san yana da kaso rubutacce, ya san in ya faɗi ya mutu 'ya'yansa ba za su yi bara ba, me zai kai shi satar abin da wani ɓangarensa nasa ne? Da wannan suka riƙe harkar kuɗin Sin kusan shekara 90, sai bayan juyin 1911 da zuwan bankunan zamani suka durƙushe.

Yanzu dawo gida. Yaro ya gama sakandare ko ya sauke Alƙur'ani, mahaifinsa ya kama hannunsa ya kai shi wurin Alhaji a kasuwa ya ce ga ɗanka nan. Ba a faɗi shekara nawa zai yi ba. Ba a faɗi lada ba. Kuɗin abincin rana ne, da ɗinkin Sallah, da alkawarin baki cewa wata rana za a sallame shi. Shekara bakwai, takwas, goma, shi ke buɗe shago shi ke rufewa, ya san masu bashi fiye da mai shagon. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya tayar da zancen sallama, sai ka ji an ce kaya sun yi giɓi, ko an ce ya fara girman kai, a kore shi da kuɗin mota. Ko kuwa Alhaji ya rasu, magada su zo su karɓi makulli, ba wanda ya san da wani alkawari. Ba duka iyayen gida ne haka ba, akwai na kirki waɗanda suka yaye yara har yaran suka fi su, Allah Ya saka musu. Amma tsarin da ya rataya kacokan a kan kirkin mutum ɗaya da tsawon ransa, ina tabbas a cikinsa? Sannan a dawo ana kuka wai yaran yanzu ba su da amana, wai da ka juya baya sun zari na kati. Haramun ne yaro ya taɓa, ba mai halatta masa. Sai dai wanda ya shuka ƙaya a hanya kada ya yi mamakin ganin jini.

Abin takaicin shi ne abin da Shanxi suka yi muna da shi a cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Duk wanda ya kai babin ciniki a Risala ya ga ƙiradi: wani ya kawo jari, wani ya kawo aiki, a yanka kason riba tun farko, rabi ko sulusi, hasara kuma ta hau kan mai jari matuƙar mai aiki bai yi sakaci ba. Ya ga sharaɗin ijara, cewa lada ya zama sananne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Amma ka ce wa Alhaji a rubuta, sai ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba ke nan. 'Yan kasuwar Ibo da ke sayar da kayan gyaran mota a garuruwanmu su kan yanka wa yaro shekarun da zai yi tun ranar da aka kawo shi, a gaban danginsa. Mu da ke da nassi mu ne muke jin kunyar takarda.

Kakanninmu ma ba da wasa suka riƙe wannan harka ba. Fataucin goro zuwa Gwanja da amana aka yi shi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya bunƙasa ne da wakilan da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, da yawansu kuma suka zama masu kansu. A Sabo ta Ibadan, mai gida Bahaushe kan tsaya tsakanin mai shanu daga Arewa da mahauci Bayarabe, a ba da shanu bashi a kan maganarsa kawai, in mahauci ya gudu mai gida ya biya, don ya san ranar da sunansa ya ɓaci ranar kasuwarsa ta tashi.

Mu nan an gwada mu sau biyu a kwanan baya, kuma kowa ya ga sakamakon. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume, aka kuma taƙaita cinikin dabbobi. Watanni aka yi ba kira, ba tura kuɗi ta waya. Ciniki ya koma irin na zamanin Pingyao: ka damƙa wa direba kuɗi a leda, ka aika da saƙon baki, ka jira. Waɗanda aka san su da gaskiya su suka ci kasuwa a lokacin. Gwaji na biyu shi ne ƙarancin takardun Naira a farkon 2023. Nan kuwa da yawa suka faɗi. Aka wayi gari buhun masara farashi biyu gare shi, na tsaba da na turawa, manomi mai mara lafiya a gida ya karyar da hatsinsa don ya ga takarda a hannu, wasu masu POS suna yankar dubu biyu a kan dubu goma, kuma cikinsu har da masu sahun gaba a masallaci. Mengzi, babban magajin koyarwar Konfushiyas, ya ba da labarin wani ƙasƙantaccen mutum da kan hau tudu a tsakiyar kasuwa yana hangen dama da hagu don ya kwashe ribar kowa shi kaɗai, kuma daga wannan labari Sinawa suka samo kalmarsu ta babakere. Mai ba da kaka, wanda ke ba manomi kuɗin buhu ɗaya a watan Agusta ya karɓi biyu da kaka, a kan wannan tudu yake tsaye.

Kada kuma wani ya ɗauka kyakkyawar zuciya kaɗai tana riƙe kasuwanci. Zhang Jian shi ya zo na ɗaya a jarrabawar malamai ta daular Sin a 1894, maimakon ya zauna a fada sai ya koma garinsu Nantong ya kafa masaƙar auduga ta Dasheng, wadda ta fara aiki a 1899. Da ribarta ya gina makarantu da gidan marayu da hanyoyi. Amma kuɗin masaƙa suka yi ta kwarara zuwa wasu ayyuka, bashi ya taru, a 1925 bankuna suka karɓe ta. Shibusawa Eiichi na Japan, wanda ya sa hannu wajen kafa kamfanoni kusan 500, kuma hotonsa ke kan takardar Yen 10,000 tun 2024, ya fi shi gane bakin zaren: littafinsa na 1916 ya haɗa sunan Lunyu ne da sunan allon lissafi, wato ɗabi'a a hannun dama, ƙididdiga a hannun hagu. Shagon da aljihun Alhaji da akwatin ciniki suke abu guda, a ɗebi na biki a ɗebi na siyasa ba rubutu, ko mala'ika aka sa tsaro sai an ga giɓi, kuma a kan yaro za a ɗora.

Zancen masaƙa ba baƙo ba ne a ƙasar auduga irin tamu. Wani Basine daga Hong Kong, Cha Chi Ming, shi ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, rukunin da masaƙun Gusau da Funtuwa suka shiga cikinsa, kuma audugar Faskari da Ƙanƙara ta daɗe tana ciyar da su. Rashin wuta da yadin fasa-ƙwauri suka sa UNTL ta rufe a 2007. Amma dubi KTL, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1957, mallakar jihohin Arewa, wato tamu ta kanmu: ta rufe a 2002, ma'aikata suka shafe shekaru suna zanga-zangar neman haƙƙinsu na sallama, da yawa suka mutu suna jira. Waɗannan iyayen gida ba Sinawa ba ne, ba kuma Turawa ba.

Saura magana ɗaya a kan biyayyar da ake ta yi mana talla. Inda aka ɗauki biyayya aka yar da adalci, ga abin da ke faruwa: a Disambar 2014 'yar shugaban kamfanin jiragen Korean Air ta sa babban ma'aikacin jirgi ya durƙusa a gabanta, ta sa jirgi ya koma baya a New York aka sauke shi, saboda an miƙa mata 'ya'yan itace a leda maimakon faranti. Konfushiyas kuwa da aka tambaye shi yadda ake yi wa shugaba hidima, sharaɗin da ya gindaya shi ne kada a yaudare shi, amma a faɗa masa gaskiya ko da zai ji zafi. Saboda haka ranar da ubangida ya ce ka bubbuga gindin tiya, ko ka yayyafa wa auduga ruwa kafin a hau sikeli, ko ka sa tsohuwar masara a ƙasan buhu sabuwa a baki, ba ladabi ba ne ka yi shiru ka aikata. Kai ka san abin da ya halaka mutanen Annabi Shu'aibu (AS), kuma hannunka ne a kan mudun.

Shawarata ga ɗan'uwan da za a kai shago, ko wanda ya riga ya shekara biyu a ciki: ka samu mahaifinka ko wanka, ku je da dattijo ɗaya da Alhaji ke jin nauyinsa, a zauna cikin mutunci. A rubuta shekarun da za ka yi, a rubuta ko lada ne duk wata ko kaso ne a riba, a rubuta yadda za a yi in kaya sun yi giɓi da wanda zai ƙirga, a rubuta abin da magada za su ba ka in ta Allah ta kasance. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In ya ce shi ba a yi masa haka, kada ku yi musu, ku yi godiya ku fito, sannan ku zaga kasuwar ku tambayi maƙwabtan shagonsa yara nawa ya taɓa sallama, kuma ina suke yanzu.